Ƙaiƙayin Adda Ummul

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin komai ku yi haƙuri da ni. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin waɗanda ke laɓe a zauren nan suna karanta labarin kowa amma ko "sannu da ƙoƙari" ba su taɓa rubutawa ba saboda kunya. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa na goge, har wayata ta ɗau zafi. In kun ga kuskure ku rufa min asiri. Abin ne ya cika min ciki, a gidanmu kuma da na buɗe baki sai a ce Mufida ta fara karatun nata.

Ni ce Mufidar. A Gwandu muke. Yayata sunanta Ummulkhairi, muna ce mata Adda Ummul, ita ce 'yar fari a ɗakinmu. Bara aka kai ta Kalgo gidan Yaya Usman, wanda ke aiki da masu gyaran hanya, yanzu haka an tura shi can wajen Zuru. Da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake wa kowa a haihuwar fari.

Sai na yi muku bayanin Innarmu, in ba haka ba za ku ce ba ta da tausayi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Adda ba. "Yayarki." "Waccan." In Adda ta shigo ɗaki, Inna sai ta sami abin dubawa a jikin bango. Kunyar 'yar fari ce, haka ta tarar ana yi, haka take yi. To ku haɗa 'yar fari da cikin fari ku ga inda aka kwana. Ko kallon cikin Inna ba ta yi. Shi ya sa aka aika garin Malisa aka ɗauko Goggo Hajjo, yayar Babanmu, ta zo da jakarta da ƙullin saiwoyinta da butarta ta ƙarfe, ta karɓi mulkin cikin gaba ɗaya.

Ƙaiƙayin a tafin hannu ya fara, sannan ya sauka tafin ƙafa. Da farko dariya muka yi. Daga baya na ga Adda tana goga ƙafa a bakin turmi, tana goga ta a dakalin siminti, ta samo totuwar masara ta ɓoye a ƙarƙashin filo. Matajin kaina ma ya ɓata, sai a shimfiɗarta na gan shi, haƙoransa biyu sun karye. Da rana da sauƙi, amma kwana take ba ta runtsa ba, da safe ka ga idanunta sun faɗa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu ƙurji. Ko ɗaya. Fata sumul, sai sawun farcenta kawai.

Goggo ta duba ta ce zafi ne ya taru, kuma alama ce ɗan mai yawan suma ne. Ta kwaɓa lalle da lemun tsami ta cusa hannun Adda a zunguru, ƙafafun kuma ta naɗe su da leda, wai lalle na tsotse zafi. Aka kwance, ƙaiƙayi na nan. Aka sake ɗaurawa. Haka aka yi ta yi har tafin hannun Adda ya wuce ja ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta haɗa mata da wani jiƙo mai ɗaci safe da yamma. Ta kuma karɓe wayarta ta jefa cikin jakar saiwoyi, wai wutar waya ce ke shiga mata hannu.

Ni kuwa da tawa wayar, kuma kun san halin mai son karatu. Na ƙona data ina bincike, na karanta har kaina ya yi ciwo. Duk inda na leƙa magana ɗaya ce: mai ciki, ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa, ba ƙurji, ya fi tsanani in dare ya yi, to a duba hanta, domin abin yana iya taɓa ɗan da ke ciki.

Na ɗauki kwana biyu ina tsara yadda zan faɗa. Na sami Goggo tana jan carbi, na durƙusa, na fara da in-ina. Ta bari har na gama, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Wagga ɗiya, ciki nawa kika yi?"

Na ce ban yi ba.

"To tashi ki ɗebo mani garwashi."

Na je wurin Inna tana tankaɗe, na maimaita mata komai, har da nuna mata a waya. Ba ta ɗago ba. Rariya na ta kaɗawa a hannunta, ta ce in gaya wa Goggona. Na ce na gaya mata. Ta ce to ai shi ke nan. Wallahi ji na yi kamar in kwanta a tsakar gida in yi birgima. Ita ma mai ƙaiƙayin da na same ta, cewa ta yi in rufa mata asiri in daina yawo da maganar cikinta a gida, kunya nake ba ta. Kunya dai, kunya dai. Mutum na sosa ƙafa da totuwa amma kunya ce ta dame shi.

Ana cikin wannan kuma ga maganar Anas. Abokin Yaya Usman ne, malamin lissafi a wata sakandare a Kalgo, a bikin Adda ya gan ni ina zaune bayan kujeru da littafi, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai karatu ana kiɗa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Yana da haƙuri da shiruna. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Malama, an tashi lafiya?" A kwanakin nan kuwa amsar da yake samu ba ta soyayya ba ce. Ranar da na tura masa wani zane da na samo, ya rubuto:

"Na zaci hotonki ne na buɗe da sauri, sai ga hanta."

"Ka karanta abin da ke ƙasa."

"Na karanta. Ki kai ta asibiti mana."

"Da izinin wa?"

Ya turo fuskar nan mai gumi. Ya san Goggo.

An riga an sa ranar Asabar magabatansa za su zo gaisuwa da neman aure. Gida ya rikice da shiri. An kai shaddata ruwan toka wurin tela an dawo da ita sau biyu saboda Goggo ta ce hannun ya matse. An saya min mayafi mai duwatsu a baki wanda ke cizon wuya. Kowa ya ganni sai ya ce in gyara tafiya, in rage sa tabarau, in daina amsa magana da "a binciken da aka yi". Goggo ta ja min kunne musamman: ranar nan ko sunan asibiti kada ya fito daga bakina, kada mutane su ce gidan masu ciwo ne.

Allah Ya taimake ni ranar awon Adda ta zo kafin Asabar ɗin. Katinta a babban asibitin Kalgo yake, tun can ta fara. Goggo ba ta shiga mota mai nisa, amai take yi tun kafin a bar tasha, don haka ni aka haɗa da ita, da sharaɗin in riƙe jaka in yi shiru.

Likitar mace ce, ba ta girmi Adda da yawa ba. Ta tambaye ta ko akwai damuwa. Adda ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Lafiya lau! Alhali ina ganin hijabinta na motsi, hannuwa na aiki a ƙarƙashi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma sai na ji muryata ta fito siririya, na ce ƙaiƙayi take yi, ba ta barci.

Adda ta taka min ƙafa. Likita ta ajiye biro.

Ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya: a ina ya fara, yaushe ya fi tsanani, akwai ƙurji, fitsari ya canza launi, bayan gida fa. Adda na amsawa kamar ana zare mata haƙori, a nan ma na ji ashe fitsarinta ya daɗe da komawa kamar ruwan shayi, ba ta gaya wa kowa ba. Likita ta ce ta miƙo hannu. Da ta ga tafin nan baƙi wuluk sai ta yi ɗan murmushi ta ce wa ya yi wannan aiki haka, ita yanzu me za ta gani a nan. Ta duba ƙafa, nan ma haka. Ta ja fatar idonta ta leƙa, ta auna hawan jini, ta ɗora abin sauraro a ciki har muka ji bugun zuciyar ɗan, fat fat fat, da sauri kamar mai gudu. Adda ta juya fuska bango, amma na ga hawaye.

Bayanin da ta yi mana a taƙaice shi ne, akwai ruwan matsarmama da hanta ke fitarwa, wani lokaci ciki kan sa ya daina gudana yadda ya kamata, sai ya taru a jini, shi ke sa ƙaiƙayin. Ba a fata ciwon yake ba, shi ya sa lalle ba zai kai gare shi ba. Uwa yawanci tana warkewa da ta haihu. Ɗan ne abin ji, domin in ruwan ya yi yawa sosai yana iya rasuwa a ciki ba tare da wata sanarwa ba, shi ya sa wani lokaci ake fito da shi kafin lokacinsa. Amma ta ce ido ba ya yanke wannan hukunci, sai jini. Za a duba aikin hantar, a duba ko ciwon hanta ne irin na ƙwayar cuta, sannan a auna yawan ruwan kansa, wanda sai an aika da jinin wani wuri, zai ɗauki kwanaki. Ta rubuta magani, ta ce a daina duk wani jiƙo, kuma in motsin ɗan ya ragu kada a jira komai. Da aka nemi lambar waya, tawa na bayar, tunda ta Adda na kwance cikin saiwoyi.

Mun dawo gida na zaci za a ce sannu. Goggo ta ga auduga a hannun Adda ta ɗora hannu a ka, wai an kai mata ɗiya an zuƙe jinin da za ta haihu da shi. Ta ce ta karɓi haihuwar da ta fi gashin kaina yawa, ba a taɓa aika jinin kowa wani gari ba. Jiƙo kuwa ta ƙara masa ƙarfi. Ni kuma na koma ɓarauniya a gidan ubana: in ta ba ni kofi in kai wa Adda, sai in bi ta bayan madafa in tuttular a gindin zogale in zuba ruwan shayi. Zogalen ma ya fara yaushi.

Asabar ta zo. Tun da hantsi gida ya cika da ƙamshin masa da miyar taushe, ga fura an dama da nono a babbar ƙwarya, ga kifi ana soyawa. An sa ni cikin shaddar nan, an ɗaura min ɗankwali ya matse min tunani, an ƙwace tabarau, duniya ta koma min dishi-dishi. Bayan azahar saƙon Anas ya shigo: ya sauke baffanninsa a ƙofar gida, sun shiga zaure wurin Baba, goggonninsa biyu kuma an shigo da su ɗakin Inna. Shi ya ja motar da ya aro ya koma can bayan firamare ƙarƙashin bishiya, tunda bai kamata a ga ƙeyarsa a unguwar ba ranar da ake nema masa aure.

"Ina nan ina jan carbi," ya rubuto. "Kada ki yi musu maganar hanta."

Ban kai ga ba shi amsa ba wata baƙuwar lamba ta kira. Na shige bayan ƙyaure na ɗauka. Likitar ce da kanta. Ta ce sakamako ya dawo, babu ƙwayar cutar hanta, amma ruwan nan ya yi yawa ƙwarai, ya wuce inda ake zuba ido. A kawo ta yau, ba gobe ba, a taho da kayan haihuwa. Sannan ta ce in tambaye ta motsi.

Na sami Adda zaune a bakin gado, an yi mata kwalliya ita ma, tana murza tafin ƙafa a ƙafar gadon. Na tambaye ta motsin ɗan. Ta ci gaba da murza ƙafa. Na sake tambaya.

"Tun da na yi sallar asuba ban ji sosai ba," ta ce a hankali. "Sau ɗaya, shi ma kaɗan."

"Kika yi shiru?"

"Yau ranarki ce, Mufida. Kuma wa zan gaya wa? Inna?"

'Yan uwa, ban san lokacin da na cire ɗankwalin nan na jefar ba. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci guda irin na ranar ba.

Na ruga wurin Goggo, tana jera kwanuka a tire. Na gaya mata komai cikin raɗa. Ta ce ɗa barci yake, duk ɗan kirki yana barci da rana. Ta ce mai goyon ciki ba ta ratsa zaure cike da maza baƙi da tulun ciki a gaba, wannan abin kunya har jikoki. A bari baƙi su tahi, gobe da safe a gani. Sannan ta lura da kaina ba ɗankwali, ta ce in wuce in gyara, surukaina na jira a kai ni in gaishe su, kada in kuskura in fito da wannan fuskar.

Baba na zaure, wayarsa a kashe, kuma ba ni da ƙafar shiga wurin ana maganar aurena. Na kira Yaya Usman, ya ce don Allah a kai ta, ga shi nan zai kamo hanya, amma shi ba zai iya kiran surukinsa ya ba da umarni a gidansa ba. Kowa dai da tasa kunyar, an jera su kamar kwanukan Goggo.

Na koma ɗaki na ɗauko tabarau na saka. Na rubuta wa Anas:

"Kawo mota ƙofar baya, inda ake fitar da awaki. Yanzu. Kalgo za mu."

"Wasa kike?"

"Likita ta kira. Ɗan ba ya motsi sosai."

Alamar rubutu ta fito ta ɓace, ta sake fitowa.

"Baffannina fa? Da me za su koma?"

"Akwai masa da yawa. Su ci."

"Goggona Maimuna ba za ta taɓa mantawa da wannan ba, kin sani ko?"

Na sani. Na san yadda za ta ji, matar da ta zo ganin yarinya mai kunya, aka ce mata yarinyar ta gudu ta ƙofar awaki da saurayin, a ranar gaisuwa. Na san abin da za a faɗa a Kalgo da Gwandu har da Malisa. Na tsaya ina kallon wayar, sai ga wani saƙon:

"Na taso."

Na zura wa Adda hijabi, na ɗauki katinta, na riƙo hannunta mai kaushin lalle. Matsalar ɗaya ce: hanyar ƙofar baya ta madafa take bi, Inna kuma na can gaban tanda tana juya masa. Babu yadda za a yi mu wuce ba ta gan mu ba. Adda ta tsaya cak ta ce ita ba za ta iya ba. Na ja ta.

Inna ta ɗago. Ta dubi hijabin, ta dubi katin da ke hannuna, ta dubi kaina ba ɗankwali. Na buɗe baki zan fara bayani, duk kalmomin da na karanta suka gudu suka bar ni.

Ta ajiye tsinken juya masa, ta miƙe, ta je ta janye itacen da aka tokare ƙofar da shi. Sannan ta sa hannu bayan buhun gero ta jawo wata jaka da ban taɓa gani ba, ta ajiye a bakin ƙofa. Zif ɗin bai rufe duka ba. Na hango zannuwa a ninke, da 'yar hula ta ulu, saƙar hannu, irin wadda Inna kaɗai ta iya a gidan nan. Ban san yaushe ta saƙa ba, ban san tun yaushe jakar ke nan ba.

Ta koma gaban tanda ta ba mu baya. Masa na ƙonewa, ba ta juya ba. Da fuskarta a bango ta yi magana, can ƙasa.

"Ummulkhairi."

Adda ta ƙanƙame hannuna har na ji zafi.

"Ki riƙa addu'a a hanya. Allah Ya sauke ki lafiya."

Daga tsakar gida muryar Goggo ta taso tana tambayar ina wagga ɗiya ta shige, mutane na jira. Inna ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, ta ce Mufida na alwala, a ƙara wa baƙi fura.

Na ɗauki jakar. Muka ratsa tsakanin awaki, shaddata na jan ƙasa, takalmina mai tsini na nutsewa a turɓaya. Motar na tsaye a bakin lungu, Anas ya buɗe ƙofar baya ya kawar da kai gefe, ko gaisawa ba mu yi ba. A kujerar gaba ga hular baffansa da sandarsa. Na ja ƙyauren gidan a hankali har ya rufe, ba wanda ya leƙo.

Da motar ta fara tafiya Adda ta kamo hannuna ta cusa ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a kan cikin, abin da ba ta taɓa bari na yi ba. Mu duka muna jira. Wayata ta fara ruri a cinyata, na kife ta.

A daidai kwanar fita gari na ji wani abu ya ɗan taɓa tafin hannuna. Na dubi Adda, ta dube ni. Ban sani ba ko shi ne, ko ramin hanya.

Na ce, "Anas, ƙara wuta."